Sunan da Inna ba ta faɗa

A gidanmu na Belleville, a Treichville, ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa da tsohuwar kunya aka rene ta. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ranar da take cikin nishaɗi ta ce "mai nama". Ko abinci za ta ajiye masa, ni take juyowa ta ce wa, "Auta, rufe kwanon nan, ƙila wani ya shigo." Da aka yaye shi, Gwaggo ƙanwar Baba ta ɗauke shi ta tafi da shi Adjamé Liberté. Can ya girma, can ya koyi fawa, kuma rabin unguwar ɗan Gwaggo suke ɗaukarsa.

Ni sai bayan shekara goma sha biyar aka haife ni, a asibiti. Aka rubuta ni a meri, ofishin magajin gari, aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, har na zama lauya. Shi kuwa a ɗakin kakarmu aka haife shi, lokacin da ba mai tambayar kowa takarda, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Baba da Gwaggo daga Katsina suka zo, baƙi ne a idon hukuma. Inna 'yar ƙasa ce, iyayenta mutanen Bondoukou ne, katinta na nan a ƙasan akwati. Dokar ba ta da wuya: in Yaya ɗan Inna ne, ɗan ƙasa ne. In ɗan Gwaggo ne, baƙo ne.

Da aka fito da katin baƙi, Gwaggo ta je ta yi nata. Yaya ya ce shi kam a'a. "Ni da aka binne cibiyata a Treichville zan yanki katin baƙi? Baƙon wa?" Haka ya yi ta yawo ba takarda ko ɗaya, shekara da shekaru. Ya san lungunan da ke zagaye kowane baraj, wato shingen 'yan sanda, tun daga Liberté har kasuwar Gouro inda teburinsa yake. Ni kuma kullum ina cewa zan zauna in yi masa, kullum aikin wasu na gabana. Na kare mutanen zango, unguwannin Hausawanmu, a kotu ba adadi. Na rubuta wani ɗan littafi da Faransanci da Hausa, yadda mutum zai nemi takardar haihuwa, muka raba shi a masallatai da kasuwanni ni da 'yan ƙungiyarmu. Takardar yayana ce kaɗai ban nema ba.

Bayan yaƙi ya raba ƙasar biyu, suna irin namu na mutanen zango ya zama abin tsoro a bakin baraj. Wata Litinin da hantsi matar Yaya ta bugo mini waya tana kuka, an yi kame a bakin kasuwa an haɗa da shi. Na bar abin da nake yi na haye gada zuwa Adjamé. A farfajiyar ofishin 'yan sanda na same shi zaune a ƙasa cikin rana, an tuɓe masa riga, cikin maza da yawa. Mutum mai shekara hamsin, mai furfura a gemu. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

Shugaban ofishin ya san ni, Metir yake ce mini, yadda ake kiran lauya da Faransanci. Ya jawo aljihun tebur, sai ga ɗan littafina. Ya ɗaga shi ya ce, "Metir, ke kike koya wa duniya neman takarda, yayanki ba shi da ko guda?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya sake shi, amma ya ce, "Yau darajarki ya ci. Wata rana ba hannuna zai faɗo ba, kuma ba kowa ake kawowa ofis ba." Na san abin da yake nufi. Mun san waɗanda aka ɗauka a mota ba a sake ganinsu ba. Tun daga ranar, in wayata ta yi ƙara gabana sai ya faɗi.

Sai aka samu lafawa, aka ce alƙalai za su fito unguwa-unguwa su zauna, duk wanda aka haifa a ƙasar ba a rubuta shi ba ya zo da shaidu a ba shi takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Mu muka yi ta shiga gida-gida muna shirya mutane. Hanyata guda ce: in zaunar da mai shaida, in zama alƙali, in yi ta jefa masa tambaya har sai ya daina in-ina. Tsofaffi nawa na sa suka maimaita magana sau goma! Har ana mini tsiya a zango, wai in Metir ta kama ka, alƙalin gaske hutu ne.

Na haɗa fayil ɗin Yaya da hannuna. Katin Inna, shaidu biyu cikin tsofaffin unguwa, na horar da su sarai. Inna kuwa cewa kawai na yi, "Ranar Litinin za ki raka mu, za ki ɗan tsaya gaban alƙali." Ta ce, "To." Ban zaunar da ita ba. Ta yaya zan dubi idon uwata in ce mata, Inna, ke kika haife shi? Bakina ya yi nauyi, na gaya wa kaina ai ba sai an koya wa uwa ɗanta ba.

A farfajiyar wata makarantar firamare aka kafa rumfa, nan Treichville. Mutane maƙil, kowa da 'yar ledarsa ta takardu. Alƙalin mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba mugu ba ne, gajiya ce ta cika masa fuska. Tafinta wani tsoho ne ɗan zango mai sayar da carbi, an rantsar da shi tun da safe. Shaidu biyu suka yi bayani tiryan-tiryan, har na fara sakin numfashi. Sai aka kira Inna, ta tsaya, Yaya na gefenta taku biyu.

Alƙali ya ce a tambaye ta, "Mutumin nan ɗanki ne?"

Inna ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta zuba wa ƙasa ido. Can ta ce, "Ɗan gwaggonsa ne."

Tafinta ya dube ni. Ya san ma'anar maganar sarai, uwarsa ma haka za ta ce. Amma ya yi rantsuwa zai juya abin da aka faɗa, ba abin da ake nufi ba. Ya juya maganar yadda take. Na ga alƙalamin magatakarda yana tafiya a kan takarda.

Alƙali ya ajiye tabarau. "To ki faɗa mini sunansa."

Shiru. Sai ƙarar fanka da kukan wani jariri a bayan rumfa. Da aka maimaita tambayar, Inna ta ce, "A tambayi masu shi."

Na miƙe zumbur. Alƙali ya ɗaga hannu. "Metir, yau ke ba lauya ba ce, 'yar'uwa ce. Zauna." Na zauna. Ya ce a makonnin nan ya ga mutum fiye da ɗaya da ya ari uwa mai kati ya zo da ita, kuma duk haka suke yi, sai a zo kan suna su rikice. Ya ce kotun za ta tashi daga unguwar ranar Alhamis. In ranar tsohuwar nan ba ta buɗe baki ta ce ita ta haife shi, ta kuma faɗi sunansa ba, zai rubuta a fayil cewa shaidar ƙarya aka kawo. Na san abin da wannan rubutu zai jawo: duk kotun da Yaya ya je nan gaba, shi zai riga shi isa.

Muka shiga taksi. Yaya ya sauka a bakin gada ya nemi motar Adjamé. Muna shiga gida na fashe. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce, "Inna, kin san abin da kika yi? Da bakinki kika mai da shi baƙo! Gobe in an harbe shi a baraj, kunyar ce za ta dawo miki da shi?"

Ta cire gyale, ta jawo faranti ta hau yankan kuɓewa. Sai da ta yanka kusan rabi ta ce, "Kina so in tsaya gaban maza, ga shi tsaye yana ji, in buɗe baki in ce nawa ne? Uwata ba ta yi ba, uwarta ba ta yi ba."

Na ce, "Su ba a tuɓe wa 'ya'yansu riga a rana ba."

Wuƙar ta tsaya. Ta ce, "Tsakaninki da shi uku na binne, Auta. Duk na kira sunayensu, na yi musu rawa a cinya. Shi ban taɓa kiransa ba, ga shi nan da furfura." Ta ci gaba da yanka. Na shiga ɗaki.

Talata Gwaggo ta hayo gada da sandarta. Ta zauna kusa da Inna ta ce, "Ke, ni riƙo na yi, ban haifa ba. Ki karɓi abinki mana, ko na minti ɗaya ne." Liman ma ya zo ya ce ba zunubi a ciki, ɓoye shaida ne ma abin tsoro. Inna ta yi ta gyaɗa kai, kowa ta ce masa to. Da suka tafi na zaunar da ita yadda nake zaunar da sauran, na zama alƙali. Na ce, "Wa ya haifi mutumin da ke tsaye a gefenki?" Ta buɗe baki, leɓenta ya motsa, ta rufe. Sau biyar muna yi. A na shida ta ce kanta na ciwo. Na yi ta buɗe littattafan doka ina neman wata ƙofa, alhali na san babu.

Laraba da azahar na tafi kasuwar Gouro. Na kutsa tsakanin buhunan albasa da tulin ayaba har teburin Yaya. Yana sarar ƙashi, bai ɗago ba. Na ce, "Yaya, na kasa. Na yi duk yadda na iya, ba za ta faɗa ba."

Ya ce, "Metir ke nan." Haka yake kirana in zai yi mini tsiya. "Duk karatun nan naki. A gabana kike so ta faɗa?"

Na ce doka ta ce sai yana wurin.

"To ina wurin. Alƙali ya gan ni, ita ma ta gan ni, sai ku fitar da ni waje. In ba na nan za ta iya." Ya kankare katako da wuƙa. "Ki roƙe shi. Ba roƙon alƙalai ne sana'arki ba?"

Na tsaya ina kallonsa. Kwana biyu ina haƙa littattafai, shi yana nan yana sarar nama ya san uwarsa fiye da ni da na kwana ɗaki ɗaya da ita shekara ashirin. Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Amma kai fa ba za ka ji ba."

Ya ɗaga kafaɗa. "Takarda na zo nema." Wata mata ta tsaya tana tambayar hanta, ya juya wurinta.

Alhamis tun kafin a buɗe zama na tare alƙali a bakin ajin da yake ajiye jakarsa. Ban sa baƙar rigata ta lauyoyi ba, zane da ɗankwali na ɗaura. Na yi masa bayanin ɗan fari a wurinmu, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba ta yabonsa, har a ba wata ta rene shi. Ina magana ina jin yadda abin ke fita banbarakwai da Faransanci, kamar ƙaryar da lauya ta ƙago da safe. Ya saurare ni yana shan kofi. Ya ce, "Metir, uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara hamsin." Ya ajiye kofin ya ce, "Minti biyar. In ta sake yin shiru, na rufe fayil, kuma kada ki ƙara tare ni."

Sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Alƙali ya ce wa Inna ta dubi mutumin da ke gefenta da kyau. Ta dubi ƙafafunsa. Ya ce a fita da shi. Yaya ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ratsa benci-benci, ya fita ta ƙofar makarantar har muka daina ganinsa. Tafinta, Allah ya saka masa, ya juya gefe ya zuba wa carbinsa ido, ya ba ta ƙeya.

"Mutumin da ya fita yanzu, wa ya haife shi?"

Inna ta yi shiru. Ina kallon agogon hannun alƙali. Na ce a raina shi ke nan, mun rasa. Magatakarda ya riga ya ɗora alƙalami.

"Ni."

Da ƙyar aka ji. Alƙali ya ce ta ƙara.

"Ni na haife shi," in ji Inna, wannan karon da ƙarfi. "Ranar Talata, da damina, bayan la'asar, a ɗakin uwata. Ruwa ake yi, ɗakin na yoyo, aka tara kwano a gefen gado. Yana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu." Ba wanda ya tambaye ta wannan duka. Tafinta na ta juyawa.

"Sunansa?"

Ta faɗe shi. Ba guntun da 'yan kasuwa ke kiransa da shi ba, cikakken sunan da aka raɗa masa ranar suna. Ta ja tsakiyarsa a hankali, irin jan mutanen Bondoukou, ta sauke ƙarshensa ƙasa-ƙasa. Ya fito sumul, ba gargada ko kaɗan, na gane ba ranar ta fara faɗinsa ba, mu ne dai ba mu taɓa ji ba. Na toshe bakina da ɗankwali. Alƙali ya aika aka duba bayan kunnen, aka dawo aka ce tabo na nan. Ya sa hannu bai dube ni ba, ya ce a kira na gaba.

A waje muka sami Yaya jingine da katanga, hula a hannu. Na gyaɗa masa kai. Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi. Inna ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta ce, "Auta, ce wa wancan ya tare mana taksi, ƙafata na ciwo." Ya ruga titi da gudu yana ɗaga hannu.

Takardar ta fito, bayanta takardar zama ɗan ƙasa, bayanta kati. Ya naɗe su a leda biyu ya sa a aljihun ciki. A munanan watannin da suka biyo bayan zaɓe, lokacin da baraj ya koma hannun samari masu adduna, katin nan ya fitar da shi sau biyu a hanyar kasuwa. Inna ba ta sake faɗin sunan ba. Shi ma bai taɓa tambayata abin da ya faru a cikin rumfar ba, ni ma ban ɗauko zancen ba. Ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a da ƙunshin nama, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Bayan ƙura ta lafa da 'yan watanni Inna ta rasu. Ranar sadakar uku, da rana tsaka, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, Yaya ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gida wajen famfo, inda ba kowa. Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Metir, ranar nan. Ta yaya Inna ta faɗi sunan?"

Shekaru sun wuce, na ji tsoron ko na manta yadda ta ja shi. Kuma sai a lokacin na tuna ni ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Na rubuta shi a fayil, na karanta shi a takarda, amma a bakina Yaya ne tun ina goye. Na ce, "Yaya, ai ka san sunanka."

Ya ce, "Na sani. Yadda ta faɗa nake so."

Na dubi ƙasa, don ba zan iya ina kallonsa ba. Na ja tsakiyar a hankali, na sauke ƙarshen ƙasa-ƙasa, iya yadda na riƙe. Bai motsa ba. Famfo na ɗiga a bokiti, daga tsakar gida wata na kwaɗa mini kira a kawo faranti.

Ya ce, "Sake."

Na sake.